Duka a Cikin Gida da Cutar Sida

Wata rana a ɗakin awon ciki, wata mata mai ciki wata huɗu ta zauna a gabana. Na gaya mata sakamakon gwajin jininta, cewa tana ɗauke da ƙwayar cutar sida. Ba ta yi kuka ba. Ba ta tambaye ni ko za ta rayu ba, ba ta kuma tambayi lafiyar abin da ke cikinta ba. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Malama, don girman Allah kada maigida ya ji. In ya ji, na shiga uku."

Na ba ta magani, na yi mata bayanin yadda za ta sha. Bayan wata uku muka auna yawan ƙwayar cutar a jininta, muka ga bai sauka yadda ya kamata ba. Na ce, "'Yar'uwa, kina shan maganin kuwa?" Ta daɗe kanta a sunkuye, sannan ta ce kwalbar tana wajen wata maƙwabciya. In maigida ya yi tafiya takan sha kullum. In yana gari kuwa, sai ta yi kwana huɗu ko biyar ba ta samu ta leƙa ba, domin ba ta fita sai da izini, kuma tambayar izini kanta takan jawo mari.

Na sauya wasu abubuwa a labarin nan don kada a gane ta. Amma duk ma'aikacin asibiti ya san mata irinta. Magani yana nan, kyauta ne, yana kuma aiki. Abin da ya tsaya tsakaninta da lafiya shi ne tsoron mijinta. Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda duka da tsoro a cikin gida suke buɗe wa cutar sida hanya, da yadda suke hana magani aiki, da abin da kowannenmu zai iya yi.

Mene ne cin zarafi a cikin aure?

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Gardama da fushi suna faruwa a kowane gida. Cin zarafi kuwa shi ne mutum ya riƙa amfani da ƙarfi ko tsoratarwa don ya mallaki abokin zamansa. Yana zuwa ta fuska huɗu:

1. Na jiki: mari, naushi, shuri, bulala, shaƙe wuya, ƙonawa.
2. Na kwanciya: tilasta wa mace kwanciya alhali ba ta yarda ba, ko tana ciwo, ko ba ta gama warkewa daga haihuwa ba.
3. Na baki da zuciya: zagi, wulaƙanci a gaban 'ya'ya ko kishiya, barazanar saki ko kisa, raba ta da danginta.
4. Na abin hannu: hana ta abinci, ƙwace kuɗin sana'arta, hana ta kuɗin mota zuwa asibiti.

Akwai mazan da su ma ake cin zarafinsu, kuma ƙofar asibiti a buɗe take gare su. Sai dai mafi yawan waɗanda abin yake faɗa wa mata ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko tilastawa a rayuwarta, kuma galibi daga hannun miji ko saurayi. Abin bai bar Kirista ba, bai bar Musulmi ba. Yana gidan mai kuɗi, yana gidan talaka.

Da gaske akwai alaƙa tsakanin duka da sida?

Akwai. Mari ba ya ɗauke da ƙwayar cuta. Ƙwayar cutar sida, wadda ake kira HIV ko VIH, tana bi ta jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nonon uwa. Amma gidan da ake duka, gida ne da hanyoyin kariya suke toshewa ɗaya bayan ɗaya.

Masu bincike sun auna wannan. A rahotonta na 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a wasu yankuna, matan da mazajensu suke cin zarafinsu sun fi sauran mata haɗarin kamuwa da kashi 50 cikin 100. A Afirka ta Kudu an bi 'yan mata da matasan mata fiye da 1,000 na karkara har shekara biyu, dukansu ba su da cutar a farko. Sakamakon da aka fitar a 2010 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin takwas na waɗanda suka kamu, cin zarafin miji ko saurayi ne ya jawo. A yankin Rakai na ƙasar Yuganda ma an ga irin haka.

A nan Kamaru, binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 15 zuwa 49, mata 3.4 cikin 100 ne suke ɗauke da cutar, maza kuwa 1.9. Dalilan wannan rata suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne mata da yawa ba su da ta cewa a kan jikinsu.

Hanyoyi biyar da cutar take bi

*Ta farko: kwanciya ta dole tana jin rauni.* Fatar da ke cikin gaban mace tana da laushi. In mace ba ta shirya ba, ko tana jin tsoro, wurin yakan bushe, kuma ƙarfi yakan tsaga shi. Tsagar tana iya zama ƙarama ƙwarai har ido ba ya gani, amma ta ishi ƙwayar cuta shiga jini. Yarinyar da aka aurar tun jikinta bai ƙosa ba ta fi kowa haɗari, domin bakin mahaifarta bai gama ƙwari ba. In kuma akwai ciwon sanyi mai gyambo a jikin ɗayansu, hanya ta ƙara faɗi.

*Ta biyu: mai tsoro ba ta iya magana.* Kwaroron roba yana kare mutum sosai in an sa shi daidai a kowane lokaci. Amma wa zai kawo maganarsa? Matar da ake mari don gishiri ya yi yawa a miya ba za ta iya cewa, "Baban yara, na ga alamar ciwo a jikinka, mu je asibiti," ba. In ta ce a sa roba, amsar da takan samu ita ce, "A ina kika koyi wannan? Da wa kike hulɗa?" Sai ta yi shiru, ko da ta san yana neman mata a waje.

*Ta uku: halin mai duka ba ya tsayawa a duka.* Bincike a ƙasashe dabam-dabam, har da Afirka ta Kudu da Indiya, ya nuna cewa mazan da suke dukan matansu sun fi sauran maza yawan neman mata, da shan giya, da ƙin sa roba. Tushen ɗaya ne, wato ganin cewa namiji ba a yi masa iyaka. Giya, ko bilbil, ko arki, ko tramol, suna ƙara wa wutar mai. Mai maye yakan kwana inda bai dace ba, ya dawo gida ya yi faɗa, ya kuma tilasta. A gidan da akwai kishiyoyi, abin da ya ɗauko a waje yana iya zagaya ɗakuna duka, har ya kai ga jarirai.

*Ta huɗu: abin da ke biyo bayan kora.* Matar da aka kora da dare, da goyo a baya, ba jari, ba gona, tana buƙatar abinci gobe da safe. Wasu sukan faɗa hannun namijin da zai biya kuɗin haya, shi kuma ya sa sharaɗinsa. A garuruwan da manyan motoci suke yada zango, kamar hanyar Ngaundere zuwa Cadi ko ta Garwa-Bulai zuwa Bangi, muna ganin irin waɗannan mata. Wasunsu daga ƙauye suka zo, wasu rikicin Afirka ta Tsakiya ne ya koro su. Kafin mu zarge su, mu tambayi abin da ya raba su da gida. Haka kuma baƙin cikin da duka yake bari a zuciya yakan sa mutum ya daina kula da kansa, ya faɗa shaye-shaye, ya ce kome ta fanjama fanjam.

*Ta biyar: tsoro yana hana gwaji da magani.* Wadda take tsoron abin da zai biyo baya ba ta son a gwada ta. In an gwada ta, ba ta dawowa karɓar sakamako. In ta karɓa, ta ɓoye. In ta fara magani, ta riƙa tsallake kwanaki, kamar matar da na ba ku labarinta.

Me ya sa tsallake magani yake da haɗari?

Maganin sida na yanzu, ga yawancin manya, ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ya kashe cutar gaba ɗaya, amma yana danne ta har ta kai na'urar gwaji ba ta ganinta a jini. Yawanci cikin wata shida ake kaiwa nan. Wanda ya kai wannan matsayi, ya kuma ci gaba da shan magani kullum, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa cutar. Zai yi noma, ya yi kasuwa, ya aurar da 'ya'yansa.

In ana sha ana bari, ƙwayar cutar takan farfaɗo, wani lokaci ma ta saba da maganin har ya daina yi mata aiki. Ga mai ciki kuwa, haɗarin ya shafi jariri. In uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan kamu a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In tana sha yadda ya kamata, an kuma ba jariri nasa maganin bayan haihuwa, adadin yakan sauka ƙasa da 5 cikin 100.

A Kamaru ana ba da maganin kyauta tun 2007, kuma daga Janairun 2020 gwamnati ta cire kuɗin gwaji da sauran ayyukan da suka shafi cutar a asibitocin da aka amince da su. Saboda haka mijin da ya hana matarsa zuwa asibiti, ko ya zubar mata da magani, kansa ya cuta. Maganin nan da take sha shi ne yake kare shi, yake kare ɗansa.

"Ita ta kawo mana"

Wannan magana ta raba aure da yawa, kuma sau da yawa ba gaskiya ba ce. Mata ne suke zuwa awon ciki, a can ake gwada su, don haka su ne suke fara sani. Wanda ya fara sani ba lalle ne shi ya fara kamuwa ba. Ƙwayar cutar tana iya zama a jikin mutum shekaru da yawa yana jin ƙarfinsa, ba wata alama. Gwajin da muke yi ba ya faɗin wanda ya sa wa wani, ba ya faɗin ranar da aka kamu.

Yana kuma yiwuwa miji da mata su yi shekaru tare, ɗaya yana da cutar, ɗaya ba shi da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba hujjar cin amana ba ce. Mutum yana iya kamuwa tun kafin aure, ko a auren fari, ko ta ƙarin jinin da ba a gwada ba, ko ta allura ko askar da aka yi wa wani amfani da ita. Wasu ma da ita aka haife su. Binciken wanda ya kawo ba ya warkar da kowa. Tambayar da take da amfani ita ce, wa da wa suke buƙatar gwaji a gidan nan, wa kuma zai fara magani yau?

Gare ki, 'yar'uwa

Dukan da ake miki ba laifinki ba ne. Ko abinci ya yi latti, ko kin mayar da magana, babu abin da ya halatta a ji miki rauni.

Ki gaya wa ma'aikaciyar asibiti. Ki ce kina son magana ke kaɗai. Sirrinki amana ne a wuyanmu, ba za mu gaya wa mijinki ko danginsa sakamakonki ba tare da yardarki ba.

In kina tsoron gaya masa sakamakon, kada ki yi gaggawa. Akwai dabaru. Muna iya gayyatarsa a gwada ku tare, a ba ku sakamako a gabanmu, mu yi masa bayani. In kuwa akwai haɗari ga ranki, a dakata da faɗa masa, ki ci gaba da maganinki, mu nemi hanya tare.

In ba ki da cutar amma kina zargin mijinki yana da ita, ko kin san yana da ita ba ya shan magani, ki tambaya game da maganin rigakafi da ake kira PrEP. Ƙwaya ce da marar cutar yake sha kullum don kada ya kamu.

In an tilasta miki kwanciya, ko baƙo ne, ko wanda kika sani, ko mijin da kike tsoron yana da cutar, ki zo asibiti da wuri. Akwai maganin da yake hana kamuwa in an fara shi kafin awa 72, wato kwana uku, ana kuma shan sa kwana 28. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa. Akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, wanda yake aiki har kwana biyar, da maganin ciwon sanyi. Likita zai iya rubuta miki takardar shaida in kina son kai ƙara. Ko kin riga kin yi wanka, ko kwanakin sun wuce, ki zo.

Akwai alamun da suke nuna ranki yana cikin haɗari: ya taɓa shaƙe ki, ya zare miki wuƙa ko adda, ya ce zai kashe ki, ya doke ki da ciki, ko dukan yana ƙaruwa. In kin ga ɗaya daga cikinsu, ki shirya tun yanzu. Ki san gidan da za ki gudu ko da tsakar dare ne. Ki ajiye katin asibiti, da takardun haihuwar yara, da ɗan kuɗi, da maganin 'yan kwanaki a wajen wadda kika amince da ita. Ki yi alama da maƙwabciya, wadda in ta ji za ta kira mutane. Ofishin kula da jin daɗin jama'a, da cibiyar mata da iyali, da 'yan sanda ko jandarma, duk an kafa su ne don irin wannan. Dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ta 2016 ta hana duka da fyaɗe, ta kuma mai da korar abokin aure daga gida ba bisa shari'a ba laifi.

Gare ka, maigida

Na san nauyin da ke kanka. Hatsi ya yi tsada, ga kuɗin makaranta, ga bashi. Mai yiwuwa kai ma ka tashi kana ganin ana dukan mahaifiyarka. Amma ka duba abin da duka yake jawo maka. Matar da take tsoronka ba za ta gaya maka gaskiyar lafiyarta ba. Za ka zauna cikin duhu, cuta tana cin gidanka ba ka sani ba.

In ka ji zuciya ta taso, ka fita. Ka zaga, ka sha ruwa, ka dawo bayan ta kwanta. In giya ko tramol ne suke tunzura ka, ka zo mu yi magana, akwai taimako. Ka raka iyalinka awon ciki ko sau ɗaya, a gwada ku tare. In za ka ƙara aure, ko za ka auri bazawara, ko matar ɗan'uwanka da ya rasu, a yi gwaji kafin a ɗaura. In ka san kana da cutar, ka sha maganinka, ka bar matanka su san halin da suke ciki. Namijin da ya yi haka ya kare gidansa, kuma babu wanda zai raina shi sai marar hankali.

Ga iyaye, da fastoci, da limamai, da masu unguwa

In 'yarku ta yi yaji ta zo gida da kumburin ido, abin da aka saba shi ne a ce, "Yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne," a mayar da ita kafin la'asar. Haƙuri abu ne mai kyau, amma bai taɓa ɗinke tsagar jiki ba, bai taɓa hana ƙwayar cuta shiga ba. Kafin a yi biko, ku zaunar da ita ita kaɗai ku saurare ta. Ku kai ta asibiti. Ku kira mijin ku gaya masa gaskiya a gaban manyansa. In akwai alamun haɗarin da aka lissafa a sama, kada ku mayar da ita.

Addinan da muke bi duka sun umarci miji ya kyautata wa matarsa. Mutane suna jin maganarku fiye da tamu. In an faɗa a coci ran Lahadi, an faɗa a masallaci ran Juma'a, cewa dukan mace abin kunya ne, cewa gwajin jini kafin aure hankali ne, maza za su ji.

An gwada wannan a wasu wurare, an kuma ga amfaninsa. A Rakai, an horar da mutanen gari su riƙa tattauna batun duka, aka kuma haɗa shi da aikin gwajin sida. Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna duka ya ragu, sabbin masu kamuwa kuma sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A ƙauyukan Limpopo na Afirka ta Kudu, an haɗa wa mata ƙaramin rancen sana'a da zaman tattaunawa, cikin shekara biyu cin zarafi ya ragu da kashi 55 cikin 100. Adashi, da ƙungiyar mata ta coci, da makarantar Islamiyya ta matan aure, duk wurare ne da za a iya fara irin wannan.

Yadda ta kasance

Matar nan da na fara da labarinta, mun fara ne da abu mai sauƙi. Muka juye maganin a wani ƙaramin gwangwani, ta ajiye a cikin kayan miya, inda maigida ba ya taɓawa, tana sha da asuba in ta tashi hura wuta. Daga baya ta yarda muka kira yayanta, ta gaya masa da bakinta. Shi ne ya rako mijin asibiti. Ranar ba ta yi daɗi ba. Mijin ya yi faɗa, ya fita, ta koma gidan yayanta ta haihu a can. Bayan wata biyu ya dawo shi kaɗai ya ce a gwada shi. Yanzu su biyu suna karɓar magani. An gwada jaririyar tana da mako shida, an sake gwadawa bayan yaye, ba ta da cutar.

Ba zan ce gidan ya zama aljanna ba. Amma yayanta yana leƙawa, mijin ya san ana kallonsa, ita kuma ta san inda za ta je. Ba kowane labari ne yake ƙarewa haka ba, shi ya sa muke roƙo a yi magana da wuri.

In kin karanta wannan kin ga kanki a ciki, ko kin ga ƙanwarki, ko maƙwabciyarki, ki zo ɗakin awon ciki ko ɗakin gwajin jini a kowace ranar aiki, ki ce kina son ganin malamar asibiti ke kaɗai. In da dare ne, ki zo ɗakin gaggawa. Wanda ya iya karatu kuma, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu.